Kwafin dabbobi: zai ceci masu ƙarewa ne, ko jinin zai ƙara ƙuntatawa?

Ɗan_Rigasa
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga likitocin dabbobi da masanan da ke cikinmu. Yanzu a Amurka da Sin da Koriya ta Kudu akwai kamfanonin da in karenka ko kyanwarka ta mutu, za su ɗauki ɗan yankin fatarta su haifar maka da wata sak ita. To a ganina, tunda ilimi ya kai nan, maganar wai wata dabba za ta ƙare a doron ƙasa ta zama tarihi. Ko guda ɗaya ta rage, sai a kwafe ta a samu ɗari. Zakunan Yankari da ake ta kukan sun kusa ƙarewa, me zai hana a kama lafiyayye ɗaya a yi ta buga irinsa? Wani ya ce min wai hakan ƙara kashe irin zai yi. Ni dai ban ga ta yadda ƙari zai zama ragi ba.

Baban_Khalifa
Wa alaikumus salam. Mu da ke fafutukar kuɗin buhun dusa, ina mu ina kwafin kyanwa?

Likitan_Shanu
Malam Ɗan_Rigasa, mu fara da yadda ake yin abin, don amsarka tana ciki. Ana samo ƙwan mace, a zuƙe cibiyarsa inda bayanan gado suke, ya zama fanko. Sai a ɗauko ƙwayar halitta ɗaya daga jikin dabbar da ake son kwafa, galibi daga fata, a haɗa ta da fankon ƙwan, a ɗan ba su wutar lantarki su manne. In an dace, ƙwan ya fara rarrabuwa kamar an yi barbara, sai a dasa shi a mahaifar wata macen ta rainon cikin. Haka aka samu tunkiyar nan Dolly a cibiyar Roslin ta Sikotland a 1996. Sai da suka haɗa ƙwai 277 kafin ita kaɗai ta zo duniya.

Ka lura babu uba a wannan lissafin. A haihuwa ta al'ada rabin gado daga uwa yake, rabi daga uba, kuma kowane ɗa da irin cakuɗar da yake samu. Shi ya sa 'yan ciki ɗaya ba sa fitowa iri ɗaya. A kwafi ba a cakuɗa komai. Zaki ɗari da ka buga daga zaki ɗaya, a ido ɗari ne, a jini ɗaya ne. Cutar da ta iya kayar da guda ta san hanyar sauran 99. Sannan duk maza za su fito, ko duk mata. Da wa za su yi barbara?

Ɗalibin_Samaru
Dakta ya faɗi gaskiya, kuma an ma taɓa gwada abin da Yaya Ɗan_Rigasa yake faɗa. A duwatsun Pirenis na ƙasar Sifen akwai wata akuyar daji da ake kira bukardo. Ta ƙarshe, wadda suka sa wa suna Celia, itace ya faɗo mata ta mutu a watan Janairun 2000. Allah ya sa an riga an yanki fatar kunnenta an daskarar. A 2003 aka haifi kwafinta ta cikin wata akuya, amma 'yar ba ta wuce 'yan mintoci ba ta mutu, huhunta bai yi daidai ba. Ko da ta rayu ma, mace ce tilo, babu bunsuru ko ɗaya a duniya na irinta.

Ɗan_Rigasa
To a kwafi namiji ɗaya da mace ɗaya mana. Ai an kashe bakin wannan.

Ardo_Ladduga
Ɗana, ka taɓa kiwo kuwa? Namiji ɗaya da mace ɗaya, 'ya'yansu wa za su hau in ba junansu ba? Mu ba mu yi boko ba, amma tun kakanni ba ma barin bijimi ya daɗe a garke har ya fara hawan 'ya'yansa da jikokinsa. Ko a musanya da wata ruga, ko a sayar a sayo wani daga nesa. Na ga garken da mai shi ya ƙwallafa rai a kan sa ɗaya saboda kyan ƙaho da tozo, ya ƙi rabuwa da shi. Da tafiya ta yi tafiya maruƙa suka riƙa fitowa 'yan tsigi-tsigi, wasu ba sa kai yaye, shanun ma ɗaukar ciki ya yi musu wuya. Bai rasa ciyawa ba, bai rasa ruwa ba. Jinin ne ya tsaya wuri ɗaya.

Hajiya_Malali
Ardo, wato dai kamar abin da likitoci ke faɗa kan auren zumunci da sikila?

Likitan_Shanu
Hajiya, kusan haka, amma a gyara kaɗan. Sikila tana zuwa ne in uwa da uba duk suna ɗauke da ita, ko suna da dangantaka ko babu, shi ya sa gwajin jini kafin aure ya shafi kowa. Inda suka yi kama shi ne: kowace halitta tana ɗauke da wasu lahani ɓoyayyu da ba sa bayyana sai ɗa ya gaje su ta ɓangare biyu. In iyaye jini ɗaya ne, damar haɗuwar lahanin iri ɗaya tana ƙaruwa. Abin da Baffa Ardo ya gani a maruƙan nan ke nan.

Maman_Ilham
Ni dai ɓangaren kyanwar ne ya dame ni. Ina da wata mage 'yar Farisa mai gashi buzu-buzu da na saya da tsada a wajen wani mai saida su a cikin gari. Wallahi kamar mutum take, in na dawo aiki a bakin ƙofa nake samunta. Ciwon ƙoda ya kashe ta tana da ƙuruciyarta, likita ya ce gadonsa ta yi. Da ina da hali da na kwafe ta, ba zan ɓoye muku ba. Wa na cuta in na yi hakan? Ba daji zan sake ta ba.

Baban_Khalifa
Maman Ilham, kin san kuɗin kuwa? Kamfanin ViaGen na Texas dala 50,000 yake karɓa a kan kare ɗaya. A canjin yanzu ya haura naira miliyan 60. Ki zo Rigasa da daddare ki zaɓi mage kyauta, har da muzuru za a haɗa miki.

Maman_Ilham
Allah ya shirye ka Baban Khalifa.

Likitan_Shanu
Maman Ilham, Allah ya mayar da alheri. Abu biyu. Na farko, ciwon ƙodar nan sananne ne a magen Farisa, ƙodar ce ke yin ƙulli-ƙulli masu ruwa, kuma a jini yake. In aka kwafe ta, da ciwon za a kwafo. Na biyu, ba lallai wadda za ta fito ta tsaya miki a bakin ƙofa ba. Kyanwa ta farko da aka kwafa a duniya, CC, an haife ta a jami'ar Texas A&M a Disamban 2001. Wadda aka kwafa ɗin, Rainbow, launi uku gare ta har da ruwan lemo. CC ta fito fari da ruwan ƙasa mai zane, babu ɗigon ruwan lemo ko ɗaya, alhali bayanan gadonsu ɗaya ne. Dalili shi ne a jikin mace ana kashe ɗaya daga cikin ƙunshin bayanan gado biyu da ake kira X a kowace ƙwaya, kuma launin yana kan X ɗin. Halayya kuma ta fi haka sarƙaƙiya, don raino da muhalli suna da nasu kason. Mawaƙiyar nan ta Amurka Barbra Streisand da ta kwafi karyarta Samantha, da bakinta ta ce biyun da aka haifa halinsu ya bambanta. Kama da wane ba ta wane.

Oga_Karnuka
Ku bari mai sana'a ya sa baki. Ina kiwon karnukan gadi a wajen Sabon Tasha, Alsheshan da Rottweiler da Boerboel. Maganar Allah, mutum ya kwafi karensa guda ɗaya ya ajiye a gida bai rage wa jinin karnuka komai ba. Karnuka nawa ne a duniya, kuma mutum nawa ne ke da miliyan 60 na zubarwa? Ɓarnar da kuke tsoro mun riga mun yi ta da hannunmu, ba tare da wani ɗakin gwaji ba. Wani zai shigo da namiji ɗaya daga Afirka ta Kudu ko Turai, ya ɗora hotonsa a Instagram, kowa a Kaduna ya kwaso macensa ya kawo. Kafin ka ankara rabin 'yan kwikwiyon garin uba ɗaya ne. Su ma su girma a haɗa su, babu mai rubuta wane ya haifi wane. Sai ka ga Alsheshan mai kyau bai tsufa ba ƙugu ya riƙe, yana jan ƙafar baya. Karen gida na mafarauta kuwa, da ba wanda ya zaɓa masa mata, ya sha rana ya sha kaska yana nan garau.

Likitan_Shanu
Oga ya taɓo inda ke yi min ƙaiƙayi. A shanun madara na Holstein da ke Amurka, waɗannan masu baƙi da fari, masu bincike a jami'ar Penn State sun bi salsalar bijiman da ake amfani da maniyyinsu, suka tarar kusan dukkansu, sama da kashi 99 cikin 100, ta wajen uba suna komawa ga bijimai biyu ne kacal da aka haifa a shekarun 1960. Ɗaya daga cikinsu, Pawnee Farm Arlinda Chief, 'ya'yansa mata sun yi madara ta ban mamaki, aka yi ta raba maniyyinsa. Daga baya aka gano yana ɗauke da wani lahani mai sa ɓari, wanda aka ƙiyasta ya jawo ɓarin ciki kusan rabin miliyan a faɗin duniya. Wannan duk allurar barbara ce kawai, ba kwafi ba. Bambancin shi ne bijimi yana mutuwa, maniyyin da aka ajiye yana ƙarewa, dole a koma ga wani. Da kwafi kuwa ba zai taɓa sauka daga kan garke ba. A nan ne nake ganin haɗarin, a dabbar da ake barbara da ita, ba a magen Maman Ilham ba.

Mai_Sandar_Polo
Ina ta jira a zo kan dawaki. Duk wanda ke zuwa kallon wasa a filin polo na Kaduna ko Fifth Chukker ya san dawakin Ajantina ake ji da su. To a can Ajantina kwafi ya zama ruwan dare. Adolfo Cambiaso, wanda da yawa ke ɗauka babu kamarsa a wasan, a wasan ƙarshe na gasar Palermo ta 2016 ya hau kwafi shida na goɗiyarsa Cuartetera, kuma ƙungiyarsa La Dolfina ta ci. Shida, duk doki ɗaya! Waɗanda ke cewa kwafi raggo ne ko mara lafiya su je su kalli wasan nan.

Kuma Dakta, akwai inda yake ƙara jini ba ragewa ba. Dawakin wasa da yawa ana dandaƙe su tun suna ƙanana don su yi sanyin hali. Sai doki ya shahara a gane ashe zakara ne, ga shi ba ya haihuwa. In aka kwafe shi, kwafin ingarma ne cikakke, jinin da aka yi asara ya dawo.

Likitan_Shanu
Yallaɓai, na yarda da na dandaƙaƙƙen. Amma ka tambayi kanka, in kowane attajiri ya cika bargarsa da Cuartetera, ta ina wadda ta fi ta za ta fito? Ita kanta ai cakuɗar uwa da uba ce ta samar da ita. Masu tseren dawakin Thoroughbred har yau ba sa yi wa kwafi rajista, ko allurar barbara ma ba su yarda da ita ba.

Mai_Sandar_Polo
Su wannan kare kasuwarsu suke yi, ba jini ba.

Malam_Tudun_Wada
Jama'a kuna ta lissafi, ba wanda ya tambayi hukunci. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1997, bayan fitowar labarin tunkiyar nan, ta haramta kwafin ɗan Adam, ta kuma halatta shi a dabbobi da tsirrai matuƙar akwai maslaha kuma babu cutarwa. Ba halitta suke yi ba, don ba su ƙagi ƙwai ba, ba su ƙagi mahaifa ba, abin da Allah ya halitta suke jujjuyawa. A Dubai ma an kwafi taguwa mai suna Injaz a 2009. Abin da nake so Dakta ya faɗa mana shi ne halin da iyayen goyon nan ke shiga. Addinin da ya ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa ba zai ƙyale a wahalar da dabbobi da yawa don mutum ɗaya ya huce kewa ba.

Likitan_Shanu
Allah ya gafarta Malam, tambayar tana kan hanya. Kare na farko da aka kwafa, Snuppy, a jami'ar Seoul a 2005, sai da aka dasa 'yan tayi 1,095 a cikin karnuka mata 123. Ciki uku ne ya kama, biyu aka haifa, ɗaya ya mutu yana ɗan makonni. Yanzu an ƙware fiye da lokacin, amma har gobe sai an yi wa wasu mata tiyata an ciro ƙwai, an yi wa wasu an dasa. Wanda ya biya kuɗi ɗan kwikwiyo kawai ake miƙa masa, waɗancan ba ya ganinsu.

Yar_Barnawa
An ce ita Dolly da tsufa aka haife ta, shi ya sa ta mutu da wuri. Gaskiya ne?

Ɗalibin_Samaru
Anti, ta mutu a Fabrairun 2003 tana da shekara 6, ciwon huhu ne da wata ƙwayar cuta ke jawowa, kuma ya kama wasu tumakin da ke wurin waɗanda ba kwafi ba. Ta haifi 'ya'ya 6 ta hanyar da aka saba. Daga baya a jami'ar Nottingham an bi lafiyar wasu tumaki huɗu da aka kwafa daga ƙwayoyin da aka yi ita, rahoton 2016 ya nuna sun tsufa lafiya lau. CC kuma shekara 18 ta yi. Matsalar ta fi yawa a cikin ciki da wajen haihuwa. Wanda ya tsallake nan yakan rayu kamar kowa.

Manomin_Citta
Ni ba na kiwo, amma ina karanta ku daga Kachia jikina yana sanyi. Mu ai kwafi muke shukawa. Citta ba a shuka ta da ƙwaya, saiwar ake karyawa a binne, ta bana 'yar ta bara ce sak. Kusan duk yankinmu iri biyu muke juyawa, Tafin Giwa da Yatsun Biri. Da cutar nan ta shigo a daminar 2023, daga Kachia zuwa Jaba zuwa Kagarko gona bayan gona ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa. Ka duba ta maƙwabcinka ko za ka samu iri mai juriya, tasa ma ta tafi, don tasa da taka abu ɗaya ne. Ba na cewa wannan kaɗai ne dalili, amma wanda ya ga shekarar nan ba sai an yi masa dogon bayani kan jini ɗaya ba.

Hajiya_Malali
Allah sarki. Shi ya sa citta ta zama gwal a Kasuwar Barci da Kawo. Allah ya mayar muku da alheri.

Ɗalibin_Samaru
Kafin a yanke wa kwafi hukuncin kisa, a ji ɗaya ɓangaren, don zauren ya karkata gefe guda. A Amurka akwai wata 'yar dabba mai dogon jiki da baƙaƙen ƙafafu, feret, dangin su tunku a kamanni. An ɗauka ta ƙare, sai a 1981 aka gano ragowarta kusa da wani ƙauye Meeteetse a jihar Wyoming. Cuta ta faɗa musu, aka kwashe 18 da suka saura aka killace. A cikinsu 7 ne kaɗai jininsu ya ci gaba, wato kafin a yi kwafi, duk feret ɗin da ke raye, na keji da na daji, jikokin bakwai ɗin nan ne.

To cikin waɗanda aka kama akwai wata mace, Willa, da ta mutu a 1988 ba ta bar zuriya ba. Aka aika ƙwayoyin jikinta ma'ajiyar daskararru ta gidan namun dajin San Diego. Sun kwanta a can sama da shekara 30. A Disamban 2020 aka haifi kwafinta, Elizabeth Ann. Ita ba ta samu haihuwa ba saboda matsalar mahaifa, amma a 2023 aka sake samun biyu, Noreen da Antonia, kuma a 2024 Antonia ta haihu, 'ya'ya biyu suka rayu. Da aka duba jinin Willa, an tarar bambance-bambancen da take ɗauke da su, waɗanda babu a jikin sauran, sun ninka na feret ɗin yanzu kusan sau uku. Kakanni bakwai sun zama takwas. Wannan ƙari ne na gaske.

Haka aka yi da dokin daji na Mongoliya, Przewalski, wanda duk na yau daga dawaki 12 suka fito. Kurt da aka haifa a 2020 kwafin wani ingarma ne da aka daskarar da ƙwayoyinsa tun 1980.

Ɗan_Rigasa
Yauwa ƙanina, Allah ya yi maka albarka! Ashe dai maganata tana nan. Dakta, ka ji.

Likitan_Shanu
Na ji, amma ba maganarka ba ce. Kai cewa ka yi a kama zaki mai rai a buga ɗari. Su kuwa matacciya suka dawo da ita, wadda jininta ya riga ya fita daga garken. Amfanin Willa ba a yawa yake ba, a bambancinta yake. Da ɗaya daga cikin jikokin bakwai ɗin suka kwafa, ko dubu suka buga ba su ƙara komai ba. Kuma da wani bai yanki naman ya ajiye a 1988 ba, duk ƙwarewar 2020 ba ta da abin kamawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Zakunan Yankari, wa ya ajiye fatar waɗanda suka mutu shekara 30 da suka wuce?

Injiniya_Kakuri
Tambaya ta gefe. Tunda ƙwan wata dabbar ake ara, ba ta barin nata a jikin ɗan?

Ɗalibin_Samaru
Tana bari. A cikin ruwan ƙwai akwai mitokondiriya, masu samar wa ƙwaya ƙarfi, kuma suna da ɗan nasu DNA, wato bayanan gado. Na Elizabeth Ann daga feret ɗin gida ya zo. Ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa, don haka kwafi namiji ba ya miƙa shi ga 'ya'yansa, mace ce ke miƙawa.

Tsohon_Gandu
Na yi aikin gandun daji kafin in yi ritaya, kuma in faɗa muku gaskiya wannan hirar tana ɗan ba ni haushi. Binciken da aka wallafa a 2014 ya nuna zakunan Afirka ta Yamma gaba ɗaya kusan 400 suka rage, mafi yawa a dajin da ya haɗa Benin da Burkina Faso da Nijar. Na Najeriya ba su kai 50 ba, a Kainji da Yankari. Me ya cinye su? Rashin haihuwa? A'a. An cinye namun da suke ci, an nome dajin, an sa musu guba a mushe. Ka kwafo zaki da kuɗin da zai biya albashin masu gadi na shekaru, ka sake shi ina? Kamuku ga ta nan a Birnin Gwari, kowa ya san abin da 'yan bindiga suka mayar da dazukan wajen a shekarun nan.

Ku dubi maƙwabta. Raƙuman dawa na Kure a Nijar, kusa da Yamai, 49 suka rage a 1996. Ba a kwafi ko ɗaya ba. Hana farauta aka yi, aka jawo mutanen ƙauyukan a jiki suna samun na masu yawon buɗe ido. Suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi 8 aka kai Gadabeji.

Ɗalibin_Samaru
Baba, ba na ja da kai, amma 600 ɗin nan duk jikokin 49 ne. Yawan ya dawo, bambancin da aka rasa bai dawo ba. Da akwai fatar raƙuman dawan da suka taɓa yawo a arewacin Najeriya a ajiye, yau da ta yi rana. Ni a ganina ba kishiyoyi ba ne.

Tsohon_Gandu
A takarda ba kishiyoyi ba ne. A kasafin kuɗi kishiyoyi ne, yaro. Kuma duk ranar da ɗan siyasa ya ji ana iya dawo da dabba daga firji, ranar zai sa hannu a yanka dajin filaye.

Baban_Khalifa
Ni ungulu nake nema. Da can mahautar Tudun Wada ba ka iya ƙirga su, yanzu yarana ba su taɓa ganin ta ba. A kwafo mana ita.

Likitan_Shanu
Ita kam ba ta cikin layi. Har yanzu ba a iya kwafar tsuntsu ta wannan hanyar ba, saboda yanayin ƙwansa: ga gwaiduwa ta cika shi, ga ba a iya mayar da shi cikin uwa yadda ake dasa ɗan tayi a mahaifa. Ungulu sai dai a daina sa mata guba da sayar da kanta a kasuwar 'yan magani.

Injiniya_Kakuri
To ita ajiyar, da wutarmu ta nan za a yi ta? Kwana biyu babu wuta komai ya narke.

Likitan_Shanu
Injiniya, ba firji ba ne. Tulu ne na ƙarfe da ake cikawa da ruwan nitrojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ba ya shan wuta, sai dai a riƙa ƙara masa ruwan kafin ya ƙone. Irinsa ake ajiye maniyyin shanu a ciki, masu allurar barbara a cibiyar binciken dabbobi ta Shika sun daɗe suna aiki da shi. Kwafin ne mai tsada, ajiyar ba ta kai nan ba. Kuma in ni za a tambaya, kafin zaki da namu na gida zan fara. Kowa yanzu so yake ya haɗa Bunajinsa da shanun Turai Firiziyan don madara, ya haɗa kazarsa da ta gidan gona. Ba laifi ba ne, amma shanun Muturu da ke jure sammore, da shanun Kuri na tafkin Chadi, da jar akuyar Sakkwato, da tsantsar Bunaji mai jure rana da doguwar tafiya, in suka narke cikin na waje ba kanti za a je a sayo su ba. Maniyyi da 'yan tayi da ɗan yankin kunne daga dabbobi masu yawa, na rugage daban-daban, waɗanda ba dangin juna ba.

Oga_Karnuka
A sa da karen mafarauta a lissafin, Dakta. Mu da muke raina shi za mu neme shi.

Ardo_Ladduga
Dakta, na ji bayaninka, amma ina da tambaya. A ce na yarda kun yanki kunnen bijimina kun sa a tulun nan. Bayan ba raina wani ya buɗe ya buga guda hamsin yana sayarwa. Shanun na waye, na jikokina ko na mai tulu?

Malam_Tudun_Wada
Ardo, wannan sai an zauna. In kyauta ka ba da kunnen hukuncinsa daban, in amana ka ba da daban, in kuma sayarwa ka yi to sai an ga abin da aka ambata lokacin ciniki.

Ardo_Ladduga
To ku fara zama tukuna. Kunnen yana nan a jikin mai shi.